TARIHIN GINA ƘWAYAR BABBAR MANHAJAR KWAMFUTA DAGA MATANINTA: DAGA UNIX ZUWA LINUX

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wata al'ada da ta daɗe a tsakanin ma'abota na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau al'adar da mutum zai ɗauki rubutaccen matanin ƙwayar babbar manhaja, ya zaɓi abin da ya dace da na'urarsa, ya harhaɗa shi, sa'an nan ya girka shi da hannunsa. A ido, wannan aiki ne na masu sana'a kawai. To amma idan aka duba da kyau za a ga akwai babbar tambaya a ƙarƙashinsa: wa ke da ikon karanta abin da ke juya na'ura, ya gyara shi, ya kuma koyar da shi? Za mu nuna cewa aikin ya faro ne a matsayin tilas, daga baya aka toshe hanyarsa, sa'an nan aka mayar da shi haƙƙi, a yau kuwa ya zama zaɓi wanda kaɗan ne ke ɗaukarsa. Za mu taƙaita a kan zuriyar Unix da Linux, domin a nan ne al'adar ta fi kafuwa.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin mu shiga cikin tarihin, ya kamata mu daidaita a kan kalmomin da za mu yi amfani da su. Babbar manhaja ita ce wadda ke tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajojin da mutum ke aiki da su. A tsakiyarta akwai wani sashe da Turawa ke kira kanel, mu kuwa za mu kira shi ƙwaya. Wannan suna bai yi nisa da manufar masu Unix ba, domin su ma da ɗan itace suka kwatanta abin: akwai ɓawo a waje, wanda ke karɓar umurnin mutum, akwai kuma ƙwaya a ciki. Ƙwayar ce ke raba wa manhajoji lokaci da gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura, ita ke kula da fayiloli, ita ce kuma ke magana da faifai da allo da sauran kayan aiki ta hannun wasu sassa da ake kira direbobi.

Matani kuwa shi ne rubutun asali wanda ɗan Adam ya rubuta, yake kuma iya karantawa. Na'ura ba ta jin wannan rubutu sai an juya mata shi zuwa lambobi, manhajar da ke yin juyin za mu kira ta mafassari. Idan muka ce gina ƙwaya, muna nufin matakai uku ke nan: zaɓen sassa, da fassara su a haɗa wuri guda, da girka sakamakon yadda na'ura za ta tashi da shi.

3.0 Zamanin Tilas: 1969 Zuwa 1979

A shekarar 1969 ɗakunan bincike na Bell, mallakar kamfanin tarho na AT&T a Amurka, suka janye daga wani babban aiki mai suna Multics. A cikin wannan shekara Ken Thompson ya rubuta wata ƙaramar babbar manhaja a kan na'urar PDP-7, wadda daga baya aka raɗa wa suna Unix. Da harshen na'urar kanta aka rubuta ta, saboda haka ba ta iya ƙaura zuwa wata na'ura dabam. Abin da ya sauya al'amarin shi ne harshen C wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro, domin a 1973 aka sake rubuta ƙwayar Unix da shi a kan na'urar PDP-11. Tun daga nan matanin ƙwaya ya zama abin da ɗalibi mai himma zai iya zama ya karanta. Amfanin haka ya fito fili a 1977, lokacin da Richard Miller na Jami'ar Wollongong ta Ostireliya ya ɗauke Unix ya dasa ta a kan na'urar Interdata 7/32, wadda ƙirarta ta sha bamban da ta PDP-11.

Wani abin lura shi ne, doka ce ta buɗe wa jami'o'i ƙofa. Wata yarjejeniya da AT&T ya ƙulla da gwamnatin Amurka a 1956 ta hana shi shiga kasuwancin da ba na sadarwa ba. Don haka da jami'o'i suka fara neman Unix, bayan takardar da Ritchie da Thompson suka buga a 1974, sai kamfanin ya riƙa ba su lasin a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, tare da cikakken matani, amma ba tare da alkawarin gyara ko taimako ba. Ashe ke nan duk wanda ya karɓi tef ɗin Unix ya ɗauki nauyin kansa.

Gina ƙwaya a wannan zamani ba abin sha'awa ba ne, dole ne, saboda dalilai biyu. Na farko shi ne ƙarancin wuri. Iyakar abin da na'urar PDP-11 ke iya hangowa kai tsaye a ƙwaƙwalwarta kilobayit 64 ne, saboda haka babu halin a cusa wa ƙwaya direban kowane irin faifai. Sai mai kula da na'ura ya lissafa wa wata ƙaramar manhaja mai suna mkconf kayan da yake da su, ita kuma ta rubuta masa jadawalin da za a haɗa da sauran sassa. Na biyu shi ne, abubuwa da dama a cikin matanin aka kafe su. Alal misali, a bugu na shida na Unix, wanda ya fito a 1975, yawan ayyukan da za su iya gudana a lokaci guda 50 ne, wanda ke son ƙari sai ya gyara lambar ya sake gini. Hatta agogo haka yake. Agogon na'urar yana ƙirga bugun wutar lantarki ne, matanin kuwa ya ɗauka sau 60 take bugawa a daƙiƙa, kamar yadda take a Amurka. A ƙasashen da wutarsu ke bugawa sau 50, irin su Ingila da Ostireliya da ma Nijeriya, idan ba a gyara lambar ba agogon zai riƙa yin lattin minti goma a kowace sa'a.

Wahalar bin waɗannan fayiloli ɗaya bayan ɗaya tana cikin irin matsalolin da suka sa Stuart Feldman ya rubuta manhajar make a 1976. Aikinta shi ne ta duba waɗanne fayiloli aka taɓa tun ginin baya, ta sake fassara su kaɗai. Har yau da ita ake gina ƙwayar Linux.

4.0 Matani da Sharhi

A nan ne tarihin ya shafe mu a matsayinmu na malamai. John Lions na Jami'ar New South Wales ta Ostireliya ya lura cewa ƙwayar bugu na shida ba ta kai layi 10,000 ba, watau abin da za a iya karantar da ɗalibai cikin zango guda. Sai ya buga matanin a juzu'i ɗaya, kowane layi da lambarsa, ya kuma rubuta sharhinsa a juzu'i na biyu, ya karantar da su a 1976 da 1977. Wanda ya san karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba: ga matani, ga sharhi, malami na warware wa almajiri layi bayan layi.

To amma da bugu na bakwai ya fito a 1979, sai AT&T ya sa sharaɗi a lasinsa cewa ba a yarda a karantar da matanin a aji ba, domin a lokacin ya fara ganin Unix a matsayin haja. Littafin Lions ya zama abin da ba a rabawa a fili. Ɗalibai ba su haƙura ba, suka riƙa kwafarsa da injin ɗaukar hoton takarda, kwafi daga kwafi, har rubutun ya riƙa dusashewa. Sai a 1996 aka ba da izinin buga shi ga kowa, shekara biyu kafin rasuwar marubucin.

5.0 Zamanin Toshewa: 1979 Zuwa 1991

A Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley aikin gini ya ci gaba. Bill Joy da abokan aikinsa sun fara rarraba gyare-gyarensu da sunan BSD a 1978, a 1983 kuma bugun 4.2BSD ya fito da ƙa'idojin sadarwa na TCP/IP waɗanda intanet ke tafiya a kansu. A nan ne aka kyautata hanyar zaɓen sassa: mai kula da na'ura zai rubuta bayaninta a fayil guda, manhajar config ta shirya masa sauran, ƙwayar kuma idan ta tashi ta lalubo kayan da ke jone da kanta. Sai dai duk wanda ke son BSD dole ya fara mallakar lasin matani daga AT&T, farashinsa kuwa ya yi ta hawa har ya kai dubban daloli masu yawa, musamman bayan da aka rarraba kamfanin a farkon 1984, aka kuma sakar masa mara ya shiga kasuwar kwamfuta. Ba AT&T kaɗai ba ne, domin a 1983 kamfanin IBM ma ya ɗauki manufar daina ba abokan cinikinsa matanin manhajojinsa da dama. Ƙananan kwamfutocin da suka cika ofisoshi a shekarun 1980 kuwa da rufaffiyar manhaja suka zo tun farko.

Martani ya zo ta fuska biyu. Richard Stallman ya shelanta shirin GNU a watan Satumba na 1983, da niyyar rubuta babbar manhaja irin Unix wadda kowa zai iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. A 1987 shirin ya fitar da mafassarin GCC, a 1989 kuma ya fitar da lasin GPL, wanda ya wajabta wa duk mai rarraba manhaja ya ba da mataninta a kan sharuɗɗan da shi ma ya same ta. Muhimmancin GCC a wannan tarihi ba ƙarami ba ne, gama matani ba mafassari tamkar hatsi ne ba turmi. Ta ɗaya fuskar kuma, Andrew Tanenbaum, malami a Amsterdam ta ƙasar Holan, ya rubuta Minix a 1987 musamman don koyarwa, ya buga mataninta a cikin littafinsa, domin cike giɓin da hanin AT&T ya bari. Masu amfani da Minix suka riƙa musayar gyare-gyare a matsayin faci, watau ɗan fayil mai nuna layukan da za a cire da waɗanda za a ƙara, suna liƙa shi da manhajar patch ta Larry Wall. Abin da ya rage wa GNU shi ne ƙwaya, domin tasu mai suna Hurd ta ƙi kammaluwa.

6.0 Zamanin Haƙƙi: 1991 Zuwa 2003

A ranar 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta ƙwaya don na'urarsa mai Intel 386. Bugun farko, 0.01, ya fito a watan Satumba, da layi dubu goma da 'yan kai. Matani ne zalla, kuma sai mai Minix zai iya gina shi. Tsarin maɓallan rubutu na Finlan ne aka kafe a ciki, bayanin faifai ma da hannu ake gyara shi. A farkon 1992 Torvalds ya mayar da Linux ƙarƙashin lasin GPL. Muna ganin wannan mataki ya fi kowace dabarar fasaha tasiri, domin shi ya mayar da samun matani daga alfarma zuwa haƙƙi. Ya kuma zo a kan gaɓa, domin daga 1992 zuwa farkon 1994 BSD tana fama da shari'a da reshen AT&T mai kula da Unix a kan mallakar matani, mutane da yawa suka yi ɗari-ɗari da ita.

Da bugu na 1.0 ya fito a watan Maris na 1994, matanin ya haura layi 170,000. A waɗannan shekaru gina ƙwaya ya zama kamar jarrabawar shiga sahun ma'abota Linux, kuma matakansa sanannu ne. Da farko mutum zai ba da umurnin make config, a jero masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: kana da irin wannan faifai, kana son irin wancan kati? Idan ya yi kuskure a tsakiya babu komawa baya, sai ya sake daga farko, abin da ya sa aka yi maraba da make menuconfig mai jerin zaɓi a allo. Daga nan sai make dep, sai make zImage, wanda a kan na'urar 386 yakan ɗauki sa'o'i. Da ƙwaya ta yi girman da ba ta shiga gurbin da aka tanadar mata a ƙasan ƙwaƙwalwa, sai aka koma make bzImage.

Mataki na ƙarshe, watau girkawa, shi ne mai hatsari. Manhajar tayarwa ta LILO, wadda Werner Almesberger ya rubuta a 1992, ba ta san sunan fayil ba, wurin da ƙwaya take kwance a kan faifai kawai take haddacewa. Wanda ya sauya ƙwaya ya manta bai sake gudanar da lilo ba, to na'urarsa na iya ƙin tashi. Wata matsalar kuma ta biyo bayan wani ci gaba ne. Zuwa bugu na 1.2 a 1995 an sami damar gina direba a matsayin yanki mai zaman kansa, wanda ake ɗaurawa bayan ƙwaya ta tashi. Amma idan mutum ya ware direban faifan da yankunan ke kansa, ya zama ya kulle ɗaki ya bar makulli a ciki, sai ƙwaya ta tsaya cik ta ce ba ta ga faifanta ba. Maganin da aka samo shi ne ɗan ƙaramin faifai na wucin gadi, initrd, wanda ake lodawa a ƙwaƙwalwa tare da ƙwaya. Daga irin waɗannan wahalhalu ne aka gaji ƙa'idar da har yanzu ake bi: kada a share tsohuwar ƙwaya sai sabuwa ta tashi lafiya.

7.0 Zamanin Zaɓi: 2003 Zuwa Yau

Abin mamaki shi ne, nasarar yankuna ita ce ta rage wa al'adar kasuwa. Masu haɗa Linux su rarraba, irin su Slackware da Debian da suka faro a 1993, da Red Hat, sun gane cewa za su iya gina ƙwaya guda, su ware dubban direbobi a gefe, na'ura ta ɗauki wanda take bukata da kanta. Bugu na 2.6, wanda ya fito a Disamba 2003, ya zo da sabon tsarin gini da ya kawar da make dep, manhajar GRUB mai iya karanta sunan fayil kuma ta maye gurbin LILO. Aikin ya yi sauƙi a daidai lokacin da bukatarsa ta ragu.

Daɗin daɗawa, matanin ya haura layi miliyan 30, zaɓuɓɓukan da ke cikinsa sun wuce dubu goma, sabon bugu kuma na fitowa kusan kowane mako tara ko goma. Ba wanda zai iya karance shi kamar yadda ɗaliban Lions suka yi. Masu gina ƙwaya a yau su ne masu rubuta ta, da masu ƙera na'urori, da masu bin rarrabawa irin Gentoo, da masu farautar kuskure. Waɗannan na ƙarshe sun cancanci bayani. Tun da Torvalds ya rubuta manhajar git a 2005, kowane gyara yana da tarihinsa. Idan sabon bugu ya ɓata abin da tsoho ke yi daidai, sai a gina ƙwayar da ke tsakiyar gyare-gyaren a gwada, a san ko ɓarnar tana rabin farko ko na biyu, a sake raba wannan rabi biyu. Ta haka gini 14 ya isa a tsamo gyara guda daga cikin 16,000. Wanda bai da matani ba shi da wannan hanya, sai dai ya kai kuka ya jira.

8.0 Abin da Haƙƙin Bai Warware Ba

Kada mu ɗauka an gama magana. Da farko, Ken Thompson da kansa, a laccarsa ta karɓar lambar yabo ta Turing wadda aka buga a 1984, ya nuna cewa ana iya ɓoye cuta a cikin mafassari, ta riƙa shiga duk abin da aka fassara ba tare da ta bar alama a matani ba. Watau karanta matani bai wadatar ba idan ba a amince da abin da ya fassara shi ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa ma'abota Debian da wasunsu suka duƙufa, tun wajen 2013, a kan tabbatar da cewa mutum biyu da suka gina matani ɗaya za su sami sakamako iri ɗaya ba bambancin ko lamba guda.

Na biyu, ƙwayar Linux ta mamaye duniya, tun daga manyan kwamfutoci 500 mafiya sauri, waɗanda dukansu suka koma kanta a Nuwamba 2017, har zuwa wayoyin Android da ke aljihun da yawa daga cikinmu a wannan zaure. Amma wayoyi da dama an kulle manhajar tayarwarsu yadda ba za ta karɓi ƙwayar da ba ta ɗauke da sa hannun kamfani ba. Mai waya na iya samun matani, ya gina, ya rasa hanyar girkawa. Bugu na uku na lasin GPL, na 2007, ya yi ƙoƙarin hana wannan, amma ƙwayar Linux ta tsaya a kan bugu na biyu. Ashe toshewar da a da take a bakin matani ta koma bakin na'ura.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun ga yadda ƙarancin wuri ya tilasta wa mutanen farko gina ƙwaya, yadda kasuwa ta rufe matani, yadda lasin GPL ya buɗe shi, da yadda sauƙi ya sa yawancin mutane suka bar aikin. Ra'ayinmu shi ne, ko da mai amfani da na'ura ya daina bukatarsa, malami da ɗalibi ba su daina ba. Hujjarmu ita ce, a 2006 malaman Cibiyar Fasaha ta Massachusetts suka sake rubuta bugu na shida na Unix da sunan xv6, ƙarami yadda za a karance shi a zango guda, suna bin sawun Lions. Ana iya gina shi a gwada a kan kwamfuta ta yau da kullum, a cikin na'urar kwaikwayo, ba tare da fargabar ɓata kome ba, ba kuma tare da biyan kuɗin lasin ba.

Saboda haka muna ba da shawara ga sassan koyar da ilmin kwamfuta na kwalejojin ilmi da su sa kowane ɗalibi ya karanta matanin ƙaramar ƙwaya, ya sauya wani abu a cikinta, ya gina, ya tayar da na'ura da ita, ko da sau ɗaya ne kafin ya kammala. Waɗannan ɗalibai su ne za su koyar a makarantun sakandare gobe, kuma gani ya kori ji. Malamin da ya taɓa gina ƙwaya da hannunsa zai iya faɗa wa yara da gaba gaɗi cewa abin da ke cikin na'ura rubutu ne da mutane suka yi, wanda mutum zai iya karantawa ya kuma gyara.